Ɗaga Kofi a Wajen Liyafa: Tambayoyin da Ma'aikatan Abuja Suka Fi Yi

Duk wanda ke aiki a Abuja, a ma'aikata ne ko kamfani ko ƙungiyar agaji, ba ya daɗewa katin gayyata bai iso teburinsa ba: bikin ranar ƙasa na wani ofishin jakadanci, cin abincin dare bayan sa hannu a kwangila, ko dinar biki a Maitama. Ana tsakiyar cin abinci sai wani ya miƙe da kofi a hannu, jama'a su miƙe, mutuminmu ya rasa inda zai sa hannunsa. Tambayoyin nan su ne suke ta dawowa daga bakin sababbin ma'aikata, 'yan kasuwa da ɗalibai masu shirin fita waje.

1. Mene ne ainihin wannan ɗaga kofin?

Fatan alheri ne da ake yi wa wani a gaban jama'a, a rufe shi da kurɓar abin sha. Mutum ɗaya zai miƙe ya ambaci wanda ake karramawa, ko ango da amarya, ko baƙon da ya zo daga nesa, ko shugaban ƙasa, ko zumuncin ƙasashe biyu. Ya faɗi kalmomi kaɗan, ya ɗaga kofinsa, sauran su ɗaga nasu alamar sun amince, sannan kowa ya kurɓa. Da Turanci toast ake ce masa, kuma haka za ka gan shi a takardar tsarin biki. Sunan ya fito ne daga gasasshen burodin da mutanen Ingila na da suke jefawa cikin abin shansu.

Tun daga nan a raba abin gida huɗu, domin sauran amsoshin a kan wannan rabon suka tsaya: akwai maganar da ake faɗa, akwai ɗaga kofin, akwai gwara kofuna har su yi ƙara, akwai kuma shan abin da ke ciki. Ba ko'ina ake haɗa huɗun ba. A manyan liyafofin gwamnati sau da yawa ɗagawa kawai ake yi, ba a gwarawa.

2. Daga ina al'adar ta fito?

Tsohuwa ce ƙwarai. Girkawa da Rumawa na da sukan zuba wa gumakansu da matattunsu ɗan giya a ƙasa kafin su sha, sannan su sha da sunan lafiyar juna. A zamanin Augustus, sarkin Rumawa, har majalisar dattawan Rum ta yanke cewa a riƙa yi masa irin wannan zubawar a wuraren liyafa. Daga nan ta bi fadojin Turai, ta shiga bariki da ofisoshin jakadanci, Turawan mulkin mallaka suka kawo mana ita a sigarta ta yanzu. Kudancin Najeriya kuma suna da tasu tun kafin Bature: dattijo ya zuba bammi a ƙasa yana kiran kakanni, kuma a auren gargajiya na Ibo amarya ce ke karɓar kofin bammi daga hannun mahaifinta, ta ratsa jama'a ta nemo angonta ta miƙa masa.

Saboda haka babu amfanin ɓoyewa: tushen abin a majalisar giya yake, da ibadar mutanen da. Shi ya sa tambaya ta 5 take da nauyi. Labarin da ake yawan bayarwa kuwa, wai ana gwara kofuna ne don abin sha ya fantsama daga wannan kofi zuwa wancan, kowa ya tabbata babu guba, yana da daɗin ji amma masana tarihi ba su samo masa hujja ba.

3. Me ake cewa a harsuna daban-daban?

Yawancinsu lafiya suke roƙo. Bahaushe ya ce lafiya uwar jiki, kuma a nan duniya ta yarda da shi. Bafaranshe zai ce *Santé*, in kuma da babba yake magana ya ce *À votre santé*; haka za ka ji a wajen manyan Nijar, Kamaru da Chadi masu jin Faransanci. Mutanen Sifaniya *Salud*, Italiya *Salute*, Fotugal da Brazil da Angola *Saúde*, Foland *Na zdrowie*, Ireland *Sláinte*, Larabawa *Fi sihhatik*. Duka ma'anarsu ɗaya, lafiyarka. Masu jin Swahili suna cewa *Afya*, ko *Maisha marefu*, wato tsawon rai, daidai da namu ranka ya daɗe.

Akwai waɗanda suka bi wata hanya. Bajamushe zai ce *Prost*, daga Latin, ma'ana ya yi amfani, ko *Zum Wohl* a wurin da ya fi natsuwa. Baturke *Şerefe*, ana furta shi sherefe, daga kalmar Larabci sharaf, wato daraja. Yahudawa *L'chaim*, don rayuwa. Mutanen Jojiya *Gaumarjos*, fatan nasara, kuma a liyafarsu akwai mutum guda da ake naɗawa, tamada, wanda aikinsa ke nan tun daga farkon zama har ƙarshe. Suwidin, Norwe da Denmak *Skål*, sunan kwanon da ake sha a ciki. Sin *Ganbei*, Japan *Kanpai*, Koriya *Geonbae*, ukun nan ma'anarsu a busar da kofi, kuma a Sin da gaske ake nufi. Duba tambaya ta 8.

Wurare uku ake tuntuɓe. *Cin cin* na Italiya da Faransa, wanda ake furtawa kamar cincin ɗinmu na sallah, kada ka faɗe shi gaban Bajapane, domin a harshensu sunan al'aurar namiji ne a bakin yara. Barashe ba ya cewa *Na zdorovye* wajen ɗaga kofi. Wannan amsar godiya ce bayan an ci abinci, abin da yake faɗa shi ne *Za zdorovye*. Sannan in Baturen Ingila ya rufe saƙonsa da *Cheers*, ba gayyatar mashaya yake yi maka ba, godiya ce ko sallama.

4. Dole ne sai da giya a kofin?

A'a. Ko a ƙasashen da al'adar ta fito, masana ladabin liyafa sun amince da lemo, ruwan 'ya'yan itace ko ruwa zalla. George W. Bush, Donald Trump da Joe Biden duk sun shugabanci Amurka ba sa shan giya, kuma sun ɗaga kofi a manyan liyafofi ba wanda ya ce sun karya doka. A watan Satumba na 2014 Firaministan Indiya Narendra Modi ya halarci cin abincin dare a fadar White House yana cikin azumin addininsu, ruwan ɗumi kawai ya sha. Ba kuma Musulmi kaɗai ke gudun barasa ba. Wanda ya halarci bikin 'yan'uwa Kiristoci a Jos, musamman 'yan ECWA da COCIN, ya san yawanci ruwan inabi marar barasa ake buɗewa, ko Maltina.

Za ka iya jin wani ya ce ɗaga kofi da ruwa yana jawo tsiya. Camfin matuƙan jiragen ruwa ne, masu cewa wanda aka yi wa haka a teku zai mutu. Sojojin Amurka kuwa da ruwa suke yi da gangan in suna tuna 'yan'uwansu fursunonin yaƙi, saboda ruwan ne kaɗai abin da fursuna ke samu. Camfi dai camfi ne, ko na wane gari.

5. Ni Musulmi ne. Ya halatta in ɗaga kofin lemo tare da su?

Nan ne ake buƙatar rabon da aka yi a tambaya ta 1. Shan barasa haramun ne, babu saɓani, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta yanke magana. Zuba wa wani ko miƙa masa ma haka ne, domin hadisin da ya la'anci mutum goma a kan giya ya ambaci mai ɗaukarta da mai shayar da ita. Wannan yana da muhimmanci ga ƙaramin ma'aikaci, wanda a kan ce wa ya miƙa wa baƙo kwalba. Akwai kuma hadisin da Tirmizi ya ruwaito cewa wanda ya yi imani da Allah da Ranar Lahira kada ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya.

Saura batun lemo zalla. Malamai da yawa sun hana, hujjarsu kamanceceniya da mashaya. Imam Gazali a cikin littafinsa Ihya'u ya kawo misalin mutanen da suka ƙawata majalisa, suka jera kofunan giya, suka zuba abin sha na halal, suka naɗa mai zagayawa da shi, suna gaisa da juna da kalmomin mashaya. Ya ce haramun ne ko da abin shan halal ne, saboda kwaikwayon mutanen banza. Wasu malaman zamani suna sassautawa ga wanda aiki ya kai shi wurin, kamar jami'in diflomasiyya, suna duba niyya da lalura da kuma cewa a irin wannan zama abin ya koma alamar girmama baƙo. Ba ƙananan ma'aikata kaɗai ke fama da wannan ba: lokacin da shugaban Iran Hassan Rouhani ya ziyarci Faransa a watan Janairu na 2016, kafafen labarai sun ruwaito an fasa cin abincin da za a yi a fadar shugaban ƙasa saboda Iraniyawa sun ƙi zama a teburin da ke da giya, Faransawa kuma sun ƙi ɗauke ta.

Fatawa ta malamai ce, kuma lokacin nemanta kafin ranar liyafa ne, ba bayan an miƙe da kofuna ba. Abin da nake gani a matsayina na mai lura da waɗannan wurare shi ne, miƙewa tsaye don girmama wanda ake karramawa da yi masa fatan alheri da baki ba su da wata matsala, kuma su ne zuciyar al'amarin. Gwara kofuna kuwa shi ya fi kama da aikin mashaya, shi ne kuma mafi sauƙin bari, domin babu dokar liyafar da ta wajabta shi. Ana cewa in ka je gari ka ga kowa da wutsiya ka nemi taka ka ɗaura. Wannan karin maganar tana aiki a kan sutura da gaisuwa, amma ba ta kai ga addinin mutum ba.

6. Ta yaya zan gane abin da ke cikin kofin da aka miƙo mini?

Kada ka dogara da ido. Shamfen, mai barasa kusan kashi 12 cikin 100, da ruwan inabi mai kumfa marar barasa irin su Chamdor, kala ɗaya ne a cikin siririn kofi mai doguwar ƙafa, kuma a tire ɗaya akan kawo su. Tambayi mai rabon, tun kafin a fara jawabi. In da hali ka ga kwalbar. Abin da kake nema a jikinta shi ne 0.0%, domin a ƙasashe da dama ana yarda a rubuta wa abin sha marar barasa alhali yana da har 0.5%.

Chapman, wanda mutanenmu suke ɗauka lemo ne kawai, a yawancin otal-otal ana ɗiga masa Angostura, mai barasa kashi 44.7 cikin 100. Ɗigo kaɗan ne, amma wanda yake so ya kauce sai ya ce a haɗa masa ba tare da shi ba, kuma masu haɗawa sun saba da wannan buƙatar. Haka babban kwanon haɗin 'ya'yan itace da ake ajiyewa kowa ya ɗiba, da kek ɗin Kirsimeti, da tiramisu, wani kayan zaƙi na Italiya: a tambaya.

7. Yaya zan ƙi ba tare da na ɓata wa mai gida rai ba?

Da gajerar magana da sakin fuska. "Na gode, ba na sha" ta wadatar, ba sai an kawo aya da hadisi a tsakiyar liyafa ba. Baƙin da suka zauna a Abuja sun san rabin mutanen da suke gayyata ba sa sha, kuma ofisoshin jakadanci da kansu suna tanadar lemo. Abin da ke ɓata rai shi ne zama daram kowa na tsaye, ko danna waya ana jawabi, ko yamutsa fuska. Ka miƙe, ka fuskanci mai magana, in ya gama ka ɗan sunkuyar da kai ko ka dafa ƙirji.

Kada ka fake da ƙaryar ciwo ko shan magani. Gobe za a sake gayyatarka, a tambaye ka ko ka warke. In ka faɗi gaskiya sau ɗaya, ka huta har ƙarshen aikinka da su.

8. Abokan hulɗarmu 'yan Sin ne, kuma na ji a wajensu abin da tsanani. Gaskiya ne?

Gaskiya ne. Tun da kamfanin CCECC ya gina layin dogo na Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a 2016, injiniyoyi da 'yan kwangila da yawa sun san teburin Sinawa, balle masu zuwa Guangzhou sarin kaya. A wajensu ɗaga kofi ba sau ɗaya ba ne. Mai gida zai buɗe, sannan kowa ya riƙa tasowa yana zagaya teburi, yana yi da mutum ɗaya ɗaya, ana farawa da babba. Abin shan kuwa baijiu ne, fari kamar ruwa, a ɗan mitsitsin kofi, kuma shahararrensa, Moutai, barasarsa kashi 53 ce cikin 100. In aka ce *Ganbei* ana sa ran ka shanye, har ka nuna gindin kofin.

Mafitar a cikin al'adarsu take. Suna da tsohuwar magana, *yi cha dai jiu*, wato shayi a madadin giya, kuma wanda ya faɗe ta da kofin shayi a hannu ya fita kunya. Sin ma tana da miliyoyin Musulmi, kalmar *qingzhen*, wato halal, ba baƙuwa ba ce gare su. Ka sa tafinta ya sanar da mai gida tun kafin a zauna. Riƙe kofi da hannu biyu girmamawa ne, kuma ƙarami yakan sa bakin kofinsa ƙasa da na babba. A Koriya ƙarami yana juya fuska gefe in zai sha gaban babba, abin da Bahaushe zai gane nan take. A Japan ba a taɓa kofi sai an ce *Kanpai*.

9. Ni mace ce, kuma a tarbiyyarmu ba a zura wa babba ido. Me ya sa Turawa suke nace wa kallon ido wajen ɗaga kofi?

Domin a wajensu kallon ido shaidar gaskiya ce, kauda kai kuma alamar ɓoye wani abu. Jamus, Faransa da Suwidin su suka fi riƙe wannan, har Jamusawa da Faransawa suna tsokanar juna da cewa wanda ya kauda ido zai yi shekara bakwai cikin rashin sa'a. Hajiya, ba zura ido ake nema ba. Kallo ɗaya na ɗan lokaci da ɗan murmushi ya isa, daga inda kike, ba sai kin matsa kusa ko kin miƙa hannu ba.

In aiki ya kai ki Hangari, akwai wata daban: dattawansu ba sa gwara kofunan giyar sha'ir. Ana danganta hakan da kisan janar-janar 13 da Ostiriya ta yi a garin Arad ranar 6 ga Oktoba, 1849, inda ake cewa mutanen ƙasar sun yi alkawarin barin gwarawa na shekara 150. Wa'adin ya cika a 1999, amma har yau wasu ba su koma ba. Na kawo wannan ne don a ga ko a tsakiyar Turai akwai masu ƙin gwara kofi saboda wani abin da suke girmamawa, ba kuma wanda ya ce musu marasa wayewa.

10. A liyafar gwamnati ko ta soja, wa ke farawa, kuma me wanda ake karramawa zai yi?

Mai masauki ne ke farawa, baƙo ya mayar. A bikin ranar ƙasa, kamar na Amurka 4 ga Yuli, Faransa 14 ga Yuli, ko Jamus 3 ga Oktoba, jakada yakan ɗaga don shugaban Najeriya da jama'arta, wakilin gwamnatin Najeriya ya mayar da irinsa ga shugaban ƙasarsu. A cin abincin hafsoshin soja akwai wanda ake yi don biyayya ga Shugaban Ƙasa, Babban Kwamandan Askarawa, al'adar da aka gada daga sojan Birtaniya, inda kalmomi biyu kawai ake faɗa, *The King*. Ba a ƙara surutu a kansa, ba a kuma gwara kofuna.

In kai ake karramawa, ba ka sha tare da su, domin mutum ba ya yi wa kansa kirari. Ka dakata su gama, sannan ka miƙe ka yi godiya a taƙaice. Wannan ƙa'idar tana sauƙaƙa wa mai damuwar da aka ambata a tambaya ta 5.

11. An ce in yi jawabin ɗaga kofi a dinar abokina. Me zan ce da Hausa?

Ba sai ka fassara na Turawa ba, domin bakinmu cike yake da irin wannan. Fara da gaishe da iyaye da manyan baƙi. Faɗi alheri ɗaya na ango wanda ka sani da idonka, da ɗaya na amarya, ka bar tonon asirin samartaka, domin surukai na zaune. Sannan addu'a: Allah ya sanya alheri, Allah ya ba da zaman lafiya, Allah ya kawo ƙazantar ɗaki. Minti biyu ya isa.

Amin ɗin da zauren zai amsa da shi ya yi aikin da ɗaga kofi yake yi, wato jama'a su sa hannu a kan fatan da aka yi. A bikin da duka dangin biyu Musulmi ne ban ga abin da kofuna za su ƙara ba, kuma mai gabatarwa ba zai rasa komai ba in an cire su daga tsarin. In auren ya haɗa dangi biyu masu al'ada daban, wanda ba baƙon abu ba ne a Abuja, sai a zauna da iyayen biki tun da wuri a daidaita, a kuma tabbatar da abin da za a zuba kamar yadda aka yi bayani a tambaya ta 6.

12. Ni ne mai masauki, baƙina daga waje suke. Dole in tanadi giya don kada su ga rowa?

Ba dole ba ne, kuma kada kunya ta sa ka. Gidanka ne, tsarinka ake bi. Saudiyya tana karɓar shugabannin duniya da gahawa da dabino, kuma a 2013 Recep Tayyip Erdoğan, yana firaministan Turkiyya, ya fito fili ya ce abin shan ƙasarsu shi ne ayran, wanda ɗan'uwan nononmu ne da aka tsinka da ruwa da gishiri. Baƙon da ya zo Najeriya ya fi son ya ɗanɗani abin da ba zai samu a garinsu ba. Ka kawo zoɓo mai citta da kanumfari, kunun aya mai sanyi, tsamiya, fura da nono. A haɗa su da ruwa mai tsabta, ƙanƙarar ma haka, a kuma yi kunun aya a ranar, don ba ya kwana. Ka ambata a cikin gayyatar cewa ba za a kawo barasa ba, saboda kowa ya zo da saninsa.

In an zo rabo, bi ladabin da ka sani: a fara da babban baƙo, a bi ta dama, mai rabo ya sha a ƙarshe. Ka miƙe ka yi musu maraba, ka ce Allah ya bar zumunci, ka fassara musu. In wani cikinsu ya ɗaga kofin zoɓonsa ya ce *Prost* ko *Santé*, lafiya yake roƙa maka da harshen da ya iya; ka amsa masa da "a sha lafiya", ka koya masa yadda ake furtawa.